Ranar da aka kwana jira a 1844

Duk sadda ɗalibina ya zo mini da saƙon WhatsApp mai cewa duniya za ta tashi ran kaza, labarin William Miller nake ba shi.

Miller manomi ne a jihar New York ta Amurka, kuma mai wa'azin Baftis. Ya ɗauki kwana 2300 da aka ambata a littafin Daniyel, ya mai da kowane kwana shekara, ya fara ƙirga daga 457 kafin haihuwar Almasihu. Lissafi ya kai shi 1843. Da lokacin ya wuce lafiya, mabiyansa suka tsai da 22 ga Oktoba 1844. Wasu suka bar amfanin gona ba girbi, wasu suka rufe shaguna. Gari ya waye kamar kullum, ga hunturu tafe, ga rumbu wayam.

A Kanungu ta Uganda abin ya fi muni. Wata ƙungiya ta sa rana, ranar ta wuce, sai ran 17 ga Maris 2000 ɗaruruwan mabiyanta, har da yara, suka ƙone cikin majami'arsu.

Linjila kanta ta ce ba mai sanin sa'ar. Shi ya sa, iyaye da malamai, nakan tambayi yaron abu biyu: wa ya yi lissafin, kuma me ya ce ka bari saboda shi?