Cuku, Kuɗin Fito da Sunan Asali

Wanda ya leƙa manyan kantunan Duwala ko Yawunde zai tarar da cuku iri-iri da aka shigo da shi daga Turai, kowanne da sunan wani ƙauye ko wani yanki a jikin takardarsa, wasu ma har da wani ɗan hatimi mai launin ja da rawaya. Mu da muka saba da cukun Buzaye, wanda ake shanyawa a rana a jera shi a faifai babu ko alama, muna iya ɗaukar wannan rubutu a matsayin ado. Amma a bayan wannan hatimi akwai shari'u da dokoki na shekaru ɗaruruwa, kuma akwai rigimar kuɗin fito da ta taɓa kai wani makiyayi gidan kurkuku. Labarin ya shafe mu, domin yanzu dokar ta iso kan kilishi da albasa.

Asalin maganar a kudancin Faransa take, a wani ƙauye mai suna Rokfor. Ƙauyen yana jingine da wani dutse da ake kira Kombalu, wanda ya zabtare tun zamanin da, ya bar koguna masu sanyi da tsage-tsagen da iska mai laima ke ratsawa. Mutanen wurin sun gano cewa cukun nonon tumaki idan ya kwana watanni a waɗannan koguna yakan yi wata furfura shuɗiya a cikinsa, ya sami ɗanɗanon da ba a samu a wani wuri. A shekarar 1411 Sarki Sharl na shida ya ba su takardar da ta keɓe musu nunar da wannan cuku. A 1666 babbar kotun Tulus ta yanke hukuncin tara a kan duk mai sayar da wani cuku da sunan na Rokfor. Sannan a ranar 26 ga Yuli, 1925, majalisar Faransa ta yi doka ta musamman a kansa, ya zama cuku na farko a ƙasar da doka ta tsare masa sunan asali. Ba a tsaya nan ba, a 1961 kotun garin Miyo ta ƙara fayyace cewa sai wanda ya nuna a kogunan Kombalu ne kaɗai zai amsa sunan.

Hujjarsu ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi karatun fiƙihu. Babin ciniki ya hana algus, ya hana ɓoye aibin haja, ya hana a sayar wa mutum abu da siffar da ba tasa ba. Iyayenmu fatake da suka yi ta zirga-zirga zuwa Gwanja sun san goro da garinsa, kuma dillalin da ya sauya wa kaya asali ya zubar da mutuncinsa a zango. Bambancin shi ne Turawa sun rubuta abin, sun sa kotu ta tsaya a kai. A 1951 wasu ƙasashensu suka ƙulla yarjejeniya a garin Istiresa na Italiya kan sunayen cuku, a 1992 kuma Tarayyar Turai ta kafa tsari ɗaya ga dukkan mambobinta. Daga wannan tsari hatimin nan mai ja da rawaya ya fito.

Ya kamata a rarrabe abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Akwai asalin da jami'in duwan yake tambaya a tashar jirgin ruwa, wato a wace ƙasa aka sarrafa kayan, domin a kan amsar ne ake lissafin kuɗin fito, a san ko kayan sun cancanci rangwamen wata yarjejeniya. Akwai kuma sunan asali, wanda mallakar mutanen wani yanki ne, ba ya halatta ga waninsu ko da ya biya kuɗin fito ninki goma. Na farko hakkin baitulmali ne, na biyu hakkin masu sana'a.

Sai dai shaharar suna tana da nata haɗarin. A 1989 Turai ta hana shigo da naman shanun da aka yi wa allurar ƙara girma, abin da ya toshe kasuwa ga makiyayan Amurka. Amurka ta kai ƙara Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ta yi nasara, kuma a 1999 aka ba ta izinin ramawa a kan kayan Turai na kimanin dala miliyan 116 a shekara. Da ta zo zaɓen kayan da za ta ɗora wa haraji na kashi 100 cikin 100, sai ta nemi waɗanda Faransawa ke tinƙaho da su, cukun Rokfor na cikinsu. Makiyayan tumakin yankin ba su da hannu a rigimar nama, amma a kansu sandar ta sauka. A nan ɗalibin tarihin Musulunci zai tuna da ushirin da Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya sa a karɓa daga fataken ƙasashen waje gwargwadon abin da sarakunansu ke karɓa daga fataken Musulmi. Ramuwa da kuɗin fito tsohuwar dabara ce. Abin da muke gani ya bambanta shi ne can an yi daidai wa daida ne tsakanin fatake da fatake, nan kuwa an kama mai tunkiya da laifin mai sa.

Ranar 12 ga Agusta, 1999, wani makiyayi mai suna José Bové ya jagoranci 'yan'uwansa manoma zuwa wani gidan abinci na McDonald's da ake ginawa a Miyo, suka kwance sassansa, suka loda a motocin noma. An yanke masa ɗaurin wata uku, amma sunansa ya game duniya, har daga baya aka zaɓe shi ɗan majalisar Turai a 2009. A watan Janairun wannan shekara ta 2009, kwanaki kaɗan kafin gwamnatin Bush ta sauka, Amurka ta sanar da ɗaga harajin Rokfor zuwa kashi 300 cikin 100. Ba a kai ga aiwatar da shi ba, domin a watan Mayu ɓangarorin biyu sun daidaita: Turai ta buɗe ƙofa ga wani adadi na naman Amurka wanda ba a yi wa allurar ba.

Rigimar suna kuwa ba ta mutu ba. A 2005 kotun Turai ta tabbatar wa Girka sunan cukun feta, duk da ƙorafin Jamus da Danmak da suka daɗe suna yin nasu. Amurkawa kuma suna cewa irin waɗannan sunaye sun zama na kowa, tun da baƙin haure ne suka kai musu sana'ar tare da sunanta. A 2023 wata kotun ɗaukaka ƙara a can ta yanke cewa kalmar Gruyère ba ta keɓanta ga Suwizalan da Faransa ba. Wannan hujja ta Amurkawa mu ne ya kamata mu fi kowa sauraronta da kyau, domin mu ma jikokin waɗanda suka yi hijira da sana'arsu ne.

Mun kuma san ɗacin rasa suna. Jar fatar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majemanmu suka jeme, ayari ya ƙetare Sahara da ita, Turawa suka yi ƙarnuka suna yi wa littattafansu bango da ita suna kiranta fatar Maroko, saboda daga tashoshin can ta isa gare su. Wahala a ƙasar Hausa, yabo a wata ƙasa. Ko a zamanin nan, wani kamfanin iri na Senegal ya nemi rajistar albasa da sunan Galmi, sai da mutanen Nijar suka tashi tsaye kafin ya janye daga sunan.

Hukumar da ke rajistar irin waɗannan sunaye ga ƙasashe 17 na Afirka, wato OAPI, a nan Yawunde hedikwatarta take. A 2013 ta yi rajistar farko, Kamaru ta sami biyu: masoron Penja da farar zumar Oku, Gini kuma ta sami kofin Ziyama-Masanta. Daga baya Nijar ta shigar da albasar Galmi da kilishinta, ta kuma sa cukunta da jar fatar Maraɗi cikin kayan da take neman tsare wa suna. A ɓangaren kuɗin fito, Kamaru ta fara sauke haraji a hankali ga kayan Turai tun watan Agustan 2016, amma ta ware kayan madara da mafi yawan nama daga wannan rangwame, don kada a danne masu kiwon gida.

To, ina matsayin mahautanmu na Garwa, Marwa, Ngawundare da unguwar Birketri? Sunan da aka yi wa rajista yana ɗauke da kalmar Nijar a jikinsa, saboda haka a fahimtarmu bai hana kowa kiran kilishinsa kilishi ba, ya dai hana shi jingina shi ga Nijar. Wannan adalci ne, kuma muna taya 'yan'uwanmu na can murna. Amma ranar da mai saye a Faris ko Jidda zai fara neman hatimi kafin ya miƙa kuɗi, nasu yana da shi, namu ba shi da shi, alhali naman shanun Adamawa ba ya jin kunyar kowane nama.

Hukumar takan nemi ƙungiyar masu sana'a mai shugabanci sananne, da rubutaccen bayani na iyakar yankin, da irin dabbar, da yadda ake yanka naman a shanya shi, da abin da ke shiga labu, da wanda zai riƙa duba cewa ana bin ƙa'idar. Ƙungiyar muna da ita tun kaka da kakanni, Sarkin Fawa da mutanensa ke nan. Rubutun ne babu, kuma dattawan da suka san sirrin haɗin labu a garuruwanmu ba su da yawa yanzu.