Tarihin Git: Yadda Rigima Ta Haifi Rumbun Da Masu Rubuta Manhaja Ke Tura Aikinsu

Masu 'ya'ya da ƙanne da ke koyon rubuta manhaja sun saba jin suna cewa "na yi push". Abin da suke nufi shi ne, gyaran da suka yi a kwamfutarsu sun tura shi rumbun haɗaka a intanet, inda abokan aiki za su same shi. Ga yadda abin ya samo asali.

A shekarar 1972, Marc Rochkind na Bell Labs a Amurka ya ƙirƙiro SCCS, wadda ke ajiye tarihin kowane gyara. A wancan tsari, idan mutum ɗaya ya kama fayil yana gyara, sai sauran su jira. Daga baya CVS ta fito, sannan aka fara Subversion a 2000. Su kuma rumbu ɗaya ne a tsakiya, kuma ba ka iya shigar da gyaranka cikin tarihi sai kana haɗe da shi.

Shi kuwa Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finland da ya fara Linux a 1991, shekara da shekaru ta imel yake karɓar gyare-gyare daga masu taimaka masa. Da aiki ya yi yawa, a 2002 suka koma amfani da BitKeeper, manhajar wani kamfani da ya ba su aro kyauta. A 2005 saɓani ya shiga bayan Andrew Tridgell ya binciko yadda manhajar ke aiki, kamfanin ya janye kyautar. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

A farkon Afrilun 2005 Torvalds ya zauna ya rubuta tasa, ya sa mata suna Git. Cikin 'yan kwanaki ta fara aiki, a watan Yuni aka fitar da Linux 2.6.12 da ita, a Yuli kuma ya miƙa ragamarta ga Junio Hamano.

Sabon abin da Git ta yaɗa shi ne kowa yana da cikakken kwafin tarihin aikin a kwamfutarsa. Ko babu intanet za ka yi gyara ka ajiye, sai ka shirya ka tura. Amma akwai ƙa'ida: idan wani ya riga ka tura nasa, rumbun zai ƙi karɓar naka har sai ka janyo nasa ka haɗa su. Akwai hanyar turawa da ƙarfi, sai dai tana iya shafe aikin wasu daga rumbun, shi ya sa kamfanoni da yawa ke toshe ta a babban reshen aikinsu.

A 2008 aka buɗe GitHub, Microsoft ta saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5. Yau masu ɗaukar aiki kan leƙa can su ga abin da matashi ya tura. Don haka matasanmu, aikin da ya tsaya a kwamfutarku ba wanda ya san da shi, kuma ranar da ta lalace ko aka sace ta, shi ke nan. Ku riƙa turawa, kuma kafin ku tura ku duba abin da 'yan uwanku suka yi.

Allah ya yi wa karatunsu albarka, amin.