Haruffa Huɗu Masu Lanƙwasa da Tarihin Manhaja Mai Ƴanci

Duk malamin da ya taɓa zama gaban na'ura mai ƙwaƙwalwa a Dakoro don ya buga takardar jarrabawa cikin Hausa ya san wannan matsala. Allon bugun da ke gabansa irin na Faransa ne: akwai é, akwai è, akwai ç, amma babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Idan ya yi ko oho da lanƙwasa, sai «baƙi» ya koma «baki», «ƙafa» ta koma «kafa», «ƴaƴa» su koma «yaya». Tarihin yadda waɗannan haruffa huɗu suka sami gurbi a cikin na'ura yana da alaƙa ta kusa da tarihin Linux da sauran manhajoji masu ƴanci, kuma akwai darasi a cikinsa ga malamai da ƙungiyoyin raya al'adu.

Asalin haruffan

Kafin shekarun 1930, masu rubuta Hausa da boko suna nuna waɗannan sautuka da ɗigo a ƙarƙashin harafi ko da waƙafi a gefensa.  A Zariya ne, a zamanin da Rupert East yake shugabantar ofishin fassara da talifi, aka rungumi haruffa masu lanƙwasa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939, ta saba wa masu karatu da su.

A Nijar tafiyar ta bi ta tarurruka. An yi na Bamako a 1966 a ƙarƙashin UNESCO, aka yi na Yamai a 1978, sannan na 1980 wanda ya nemi daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Najeriya. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Zinder. A watan Oktoba na 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙudurin da ya tsayar da ƙa'idojin rubutun Hausa na ƙasa, wanda ya tabbatar da harafin ƴ a wurin da Najeriya take rubuta 'y. Doka ta kammala nata aiki ke nan, sai dai injunan ofis ba su san da ita ba. A zamanin keken rubutu, sakatare yakan buga k ko d, daga baya ya bi da alƙalami yana ƙara lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya.

Dabarar da ta zama tarko

Da na'urori suka shigo ofisoshi a shekarun 1990, sai aka samo dabara. Tsofaffin zanen haruffa ba su da gurbi fiye da 256. Masana sukan zaɓi wata alamar da ba a cika amfani da ita ba, su goge ta, su zana ƙ ko ɗ a gurbinta. Cibiyar INDRAP ta Yamai, mai shirya littattafan makaranta, tana da irin nata zanen, wasu ma'aikatu da ƙungiyoyi ma kowa da nasa. Rubutu yana fitowa tsaf a kan takarda, kowa ya yi murna.

Abin da ba a lura da shi ba da wuri shi ne, na'ura ba ta ajiye siffar harafi, lambarsa kawai take ajiyewa. Idan aka ɗauki rubutun zuwa wata na'urar da ba ta da wancan zane, sai tsohuwar alamar ta dawo gurbinta, shafi ya cika da alamomin da ba su da ma'ana. Ba a iya neman kalma a cikinsa, ba a iya jera shi bisa tsarin abacada, ba a iya aika shi ta intanet. Rubutun ya zama ɗaurarre ga na'urar da aka haife shi a cikinta.

Maganin ya riga ya wanzu tun farkon shekarun 1990, wato tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa da ba ta sauyawa: ƙ tana da 409, ƴ 436, ɓ 595, ɗ 599. Amma lamba kaɗai ba ta isa ba. Sai an sami mai zana harafin, da mai shirya masa wuri a allon bugu. Manyan kamfanoni ba su yi gaggawa ba, domin kasuwar masu rubuta Hausa ba ta cika musu ido ba a lokacin. A nan ne masu manhaja mai ƴanci suka shigo.

Ƴanci daban, kyauta daban

A 1983 Richard Stallman, wani masani a jami'ar MIT ta Amurka, ya yi shelar aikin GNU. Manufarsa ita ce a samar da manhajar da kowa yake da ikon yin aiki da ita, ya duba cikinta, ya gyara ta, ya kuma raba ta. A 1989 ya fitar da lasisin GPL, mai sharaɗin cewa duk wanda ya gyara ya raba, dole ya bar wa na bayansa irin ƴancin da ya tarar. A watan Agusta na 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya sanar da cewa yana rubuta zuciyar wani tsarin tafiyar da na'ura, don sha'awa kawai. Wannan aikin sha'awa ne ya zama Linux.

Hausa, kamar Faransanci, tana bambanta abin da ke da ƴanci da abin da aka bayar kyauta. Makiyayin kwarin Tarka ya san bambancin: wanda aka sam masa ruwa a rijiyar wani ya sha na yau ne kawai, rijiyar gari kuwa kowa yana da ikon jefa gugarsa, kuma yasarta tana wuyan kowa.

Akidar ta iso Afirka ta ƙofofi da dama. An ƙaddamar da gidauniyar FOSSFA a 2003. A 2004 aka yi taron farko na masu amfani da manhaja mai ƴanci na ƙasashe masu magana da Faransanci a Wagadugu. A Oktoban shekarar ne Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fitar da Ubuntu, kamfaninsa kuma ya riƙa aika faifansa ta gidan waya ga duk wanda ya nema, ba ko dala, har zuwa 2011. A wuraren da intanet take tafiyar hawainiya, faifai ɗaya yakan zaga na'urori masu yawa.

Ƙananan ayyuka uku

Na farko ya shafi allon bugu da zanen haruffa. Don Osborn, Ba'amurke wanda ya yi aiki da Peace Corps a Nijar, ya kafa shirin Bisharat a 2000, inda ya riƙa tattara bayanai kan haruffan harsunan Afirka, yana haɗa malaman harshe da masana na'ura don su tattauna batun allon bugu da zanen haruffa. A 2005 ƙungiyar SIL ta saki zanen Gentium na Victor Gaultney a ƙarƙashin lasisi buɗaɗɗe. Gentium da ƴan uwansa Doulos da Charis suna ɗauke da dukan haruffan Hausa, manya da ƙanana. Tsarin Linux kuma ya sami allon bugun Hausa iri biyu, na Najeriya da na Gana.

Na biyu shi ne Wazobia Linux, wanda kamfanin Leapsoft na Najeriya ya fitar wajen 2006 cikin Hausa da Yarbanci da Ibo. Bai yi nisan kwana ba, kuma an daina jin ɗuriyarsa. Sai dai fassarar Hausar da ma'aikatansa suka yi ta shiga rumbun GNOME, inda kowa zai iya ɗaukarta ya gyara ko ya ƙara. Da manhajar rufaffiya ce, da aikin ya tafi tare da masu shi.

Na uku ya shafi makarantun Nijar kai tsaye. Shirin Soutéba ya buga ƙamusun Hausa da Faransanci na ƴan firamare a 2008. A farkon shekarun 2010 shirin DiLAF, wanda Chantal Enguehard ta jami'ar Nantes da Mathieu Mangeot suka gudanar tare da masanan harsuna na Nijar, ya ɗauki wannan ƙamus da na Zabarmanci da Barbarci da Buzanci, ya mayar da haruffansu zuwa Unicode, ya shimfiɗa su a intanet don amfanin kowa. Wani kaso mai yawa na aikin ya tafi ne wajen warware ƙullin da tsofaffin zanen haruffa suka bari.

Kammalawa

Linux bai mamaye teburan ofisoshi ba kamar yadda masoyansa suka yi fata. Ya shigo Dakoro ta wata hanyar, domin wayoyin Android, da suka fara fitowa a 2008, a kan zuciyar Linux aka gina su, kuma ana iya sa musu allon bugun Hausa cikin ƴan mintoci. Uzurin na'ura ya ƙare ke nan, amma saƙonni da sanarwoyi masu yawa suna ci gaba da fita babu lanƙwasa.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar. Wannan matsayi yana nufin ƙarin takardu, da littattafai, da jarrabawa. Tatsuniyoyi da kirare-kiraren da ƙungiyoyi suka tattaro daga bakin tsofaffi, da darussan da malamai suka buga shekaru ashirin da suka wuce, da yawansu suna kwance cikin tsofaffin na'urori da tsofaffin haruffa. Aikin da ke gaban masu su a bayyane yake: su juyar da su zuwa Unicode tun na'urorin suna tashi, su ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, su kuma rubuta a shafin farko cewa an yarda kowane malami ya kwafa ya koyar.