Makaɗan Landan Da Asusun Amana

A shekarar 1813 ne wasu makaɗa talatin suka taru a birnin Landan, suka kafa ƙungiyar Philharmonic Society domin raya kiɗan Turai na asali. Ƙa'idarsu ita ce su zaɓi shugabanni daga cikinsu, kuma ba ɗan ƙungiyar da zai karɓi ko sisi ladan wahalarsa. Abin da aka samu, asusun ƙungiya yake shiga.

Amfanin wannan tsari ya fito fili a 1822, sa'ad da suka yi wa Beethoven, mashahurin mai tsara kiɗa na Jamus, tayin fam 50 ya shirya musu sabon aiki. Haka aka sami babban kiɗansa na tara, wanda suka gabatar a Landan a 1825.

A 1827 labari ya iso musu cewa yana kwance a birnin Biyana, ga ciwo ga ƙuncin hannu. Nan da nan suka aika masa fam 100, kuɗin suka same shi 'yan kwanaki kafin rasuwarsa.

Da shugabannin nan sun saba rabe riba a tsakaninsu, da me za su aika ranar? Ƙungiyar tana nan har yau.