Yadda Awon Sukari Ya Koma Hannun Majinyaci

Cikin dukan cututtukan da suke zama da ɗan Adam har ƙarshen ajalinsa, da wuya a sami wadda ta ɗora wa majinyaci aikin likita kamar yadda ciwon sukari ya ɗora, domin likita, komai zurfin ilminsa da kyawun niyyarsa, ba zai gan shi ba sai sau uku ko huɗu a shekara, alhali kuwa cutar tana tare da shi a kowace loma da kowane tattaki, da barcinsa da farkawarsa. Saboda haka wanda ya so ya san tarihin wannan larura kada ya tsaya ga magunguna kaɗai. Ya dubi tarihin awo, wato yadda sanin abin da ke cikin jini ya baro hannun masana ilmin ɗibbu, sannu a hankali, har ya iso hannun mai jinyar kansa.

Mutanen da can sun san cutar da alamominta. Akwai wata tsohuwar takarda ta Misira, wadda aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ta ambaci magungunan yawan fitsari. Likitocin Hindu kuwa sun lura kiyashi na taruwa a kan fitsarin waɗansu marasa lafiya, kuma wannan alama ce da har yanzu takan kai mutum asibiti a garuruwanmu. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya siffanta cutar cikin littafinsa Alƙanun, ya ambaci zaƙin abin da fitsarin ke bari, da ruɓewar gaɓoɓi da kan biyo baya, ya kuma sa hulba cikin abubuwan da ya wasafta. Bayansa Abdullaɗif Albagdadi ya keɓe mata risala guda. Amma duk wannan ilmi siffantawa ne, babu mizani a cikinsa, kuma har zuwa 1674, lokacin da Thomas Willis na Ingila ya rubuta labarin zaƙin fitsarin, ma'aunin da likita yake da shi harshensa ne. Sai a 1776 Matthew Dobson, likita a Libaful, ya ɗora fitsarin a wuta har ya ƙafe ya bar farin gari mai zaƙi, ya kuma gano cewa ruwan jinin majinyacin shi ma da zaƙinsa, hujjar da ta nuna asalin illar tana cikin jini, ƙoda tace abin da ya yi yawa kawai take yi.

A ƙarni na 19 masana haɗa sinadarai suka hutar da harshen likita. Trommer a 1841, da Fehling a 1848, sun samar da wani shuɗin ruwa na jan ƙarfe wanda yake sauya launi in aka tafasa shi da fitsari mai sukari, sa'an nan Stanley Benedict na Amurka ya kyautata shi a 1908. Mutumin da ya kamata a tuna a wannan zamani shi ne Bouchardat na Faransa, wanda ya lura, sa'ad da Jamusawa suka yi wa birnin Faris ƙawanya a 1870 abinci ya yi ƙaranci, cewa sukari ya ɓace daga fitsarin waɗansu majinyatansa. Kuma shi ne ya riƙa umurtar su da su gwada fitsarinsu da kansu, don kowa ya ga da idonsa abin da kowane irin abinci yake yi masa.

Sai dai sanin yawan sukari bai ceci yaron da jikinsa ya daina yin insulin ba. A shekarun 1910, iyakar abin da Frederick Allen da takwarorinsa suka iya shi ne su tsare majinyaci da yunwa, su rage masa abinci har sukari ya bar fitsari, yaro ya ƙara wata shida ko shekara biyu a duniya yana ƙashi da fata. Elizabeth Hughes, 'yar sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ta kai kusan shekara 15 nauyinta bai fi kilo 20 ba sa'ad da aka kai ta Toronto a watan Agusta na 1922. A wannan birni na Kanada ne Banting da Best, cikin ɗakin binciken Macleod, suka ciro ruwan insulin daga fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance bayan tumbi, aka fara yi wa Leonard Thompson, yaro ɗan shekara 14, allurarsa ranar 11 ga Janairu 1922, sa'an nan Collip ya ƙara tace shi. Elizabeth ta murmure, ta yi aure ta haifi 'ya'ya uku, ta rayu har 1981. Waɗanda suka gano maganin kuwa suka sallama haƙƙin mallakarsa ga Jami'ar Toronto a kan dala ɗaya ɗaya, abin da ya dace a riƙa tunatar da duk mai tsawwala farashinsa a yau.

Daga nan ne rayuwar yau da kullum ta mai ciwon sukari ta soma, domin kafin 1922 yaron da cutar ta kama ba ya daɗewar da za a ce yana da wata al'ada ta jinya. Ga yadda safiyarsa take a shekarun 1930: ya tashi ya tari fitsarinsa, ya zuba cokalin shayi ɗaya na ruwan Benedict cikin 'yar kwalbar gwaji, ya ɗiga fitsari ɗigo takwas, ya riƙe kwalbar bisa wuta ko ya tsoma ta cikin tafasasshen ruwa, sa'an nan ya zuba ido, in ruwan ya zauna shuɗi ya yi hamdala, in ya koma kore akwai kaɗan, in rawaya ko ruwan goro abin ya yi yawa, in kuwa ya yi ja kamar jar ƙasa to ya san akwai magana. Bayan haka ya tafasa sirinjinsa na gilashi, ya wasa bakin allurar a kan dutse idan ta dakushe, ya auna insulin da aka ciro daga shanu ko aladu, ya soka wa kansa, ya ɗora burodinsa a kan ma'auni kafin ya ci, kuma ya rubuta duk wannan cikin littafi. Mata da yawa sun yi wa 'ya'yansu wannan hidima sau huɗu a yini, shekara da shekaru, ba wanda ya rubuta sunansu a tarihin ɗibbu. Ga shi kuma awon da kansa yana da naƙasa babba, domin ƙoda ba ta barin sukari ya zuba cikin fitsari sai ya haura wajen 180 a ma'aunin sukarin jini, kuma fitsarin da ke mafitsara ya taru ne cikin sa'o'in da suka wuce. Saboda haka labarinsa labarin ayarin da ya riga ya wuce ne, kuma shuɗin nan da ake farin ciki da shi ba ya bambanta mai lafiya da wanda sukarinsa ya faɗi har yana dab da suma.

Likitocin da suka fi hangen nesa sun gane tun a lokacin cewa majinyacin da bai san cutarsa ba, magani ba zai wadatar da shi ba. Elliott Joslin na Boston ya wallafa littafin jagora domin majinyata a 1918, ya riƙa zaunar da su a aji yana karantar da su kamar almajirai, yana aika ma'aikatan jinya gida gida. A Landan kuwa akwai Robert Lawrence, likita wanda cutar ta kama shi da kansa, ya tafi Fulorens ta Italiya yana jiran ajali, sai abokin aikinsa ya buga masa waya a 1923 cewa insulin ya samu, ya keto Turai da mota ya dawo, ya rayu har 1968. Shi ne, tare da marubucin nan H. G. Wells, wanda shi ma yake da cutar, suka kafa ƙungiyar masu ciwon sukari ta Ingila a 1934, bayan Ernesto Roma ya riga ya kafa irinta a Lisbon a 1926 don raba wa matalauta insulin. Fa'idar waɗannan ƙungiyoyi ta wuce taimakon kuɗi, domin akwai ilmin da ba a samunsa sai a bakin wanda ya ɗanɗana: yadda ake gane faɗuwar sukari tun daga rawar hannu da gumin sanyi, da abin da ake yi a tafiya, da yadda ake gaya wa wanda ake so a aura.

Awon ya yi ta sauƙi, daga ƙwayar da ake jefawa cikin fitsari ta tafasa da kanta a shekarun 1940, zuwa tsinken da ake tsomawa a 1956, wanda Helen Free da mijinta Alfred suka ƙago a kamfanin Ames, zuwa tsinken jini mai suna Dextrostix a tsakiyar shekarun 1960, wanda ake ɗiga wa jini a jira minti ɗaya a wanke a gwada launinsa. Wajen 1970 Anton Clemens ya ƙera na'urar da take karanta launin tsinken, mai nauyin fiye da kilo ɗaya, kuma ba a sayar da ita sai ga likitoci da asibitoci. Wani injiniya a Amurka, Richard Bernstein, wanda cutar ta kama tun yana ɗan shekara 12, ya same ta da sunan matarsa, kasancewarta likita, ya shiga awon jininsa sau da yawa a yini yana daidaita abinci da allura bisa ga abin da ya gani, har lafiyarsa ta gyaru. Da ya rubuta sakamakon, mujallun likitoci suka ƙi bugawa, sai ya shiga makarantar likitanci yana da shekara 45 don a saurare shi. A ganina likitocin wancan zamani sun yi kuskure mai tsada da suka ɗauka majinyaci ba zai iya riƙe amanar lamba ba, alhali shi ne yake riƙe da allurar da kan iya kashe shi in ya kuskure awonta.

Hujjar da ta yanke gardama ta zo daga baya. A 1968 Samuel Rahbar, likita a Tehran, ya gano wani nau'in jan sinadarin jini da yake yawaita ga masu ciwon sukari, wanda daga bisani ya zama gwajin da ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku. Da shi aka yi babban binciken Amurka da Kanada daga 1983 zuwa 1993, a kan majinyata 1,441, aka tabbatar cewa wanda yake yawan awo yana daidaita insulin ya rage haɗarin fara lalacewar ido da kashi 76 cikin 100, tare da raguwar illar ƙoda da jijiyoyi, ko da yake faɗuwar sukari ta fi yawan samunsa.

Na'urar da ake mannawa a jiki ta riƙa awo dare da rana ta fito a 1999. A 2013 wani uba injiniya a Amurka, wanda ɗansa ƙarami ya kamu, ya sami dabarar aika lambobin na'urar zuwa wayarsa ta intanet don ya san halin yaron yana makaranta. Iyaye suka taru a Facebook suna koya wa juna kyauta, waɗansu majinyata kuma suka haɗa na'urar awon da famfon insulin da hannunsu, suka baza bayanin ga kowa, tun kafin hukuma ta amince da irin wannan haɗi na kamfani a 2016.

Wannan ci gaba bai iso ko'ina da sauri ɗaya ba. Ƙididdigar ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta 2021 ta nuna manya miliyan 537 suna da cutar, uku cikin huɗunsu a ƙasashen da ba su da wadata, kuma a Afirka fiye da rabi ba su san suna da ita ba. A wurinmu mutum kan sayi na'urar da ke karanta tsinken jini, ko ɗansa ya aiko masa da ita, amma tsinken awon, wanda ba a amfani da shi sau biyu, shi ne yake gagararsa, sai na'urar ta koma cikin akwati. Insulin kuma ba ya son zafi, ga wutar lantarki ba tabbas. A Sudan da waɗansu ƙasashe masu zafi ana ajiye shi cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, kuma bincike ya nuna dabarar tana rage zafin ƙwarai.

Inda awon ya fi shiga rayuwar Musulmi kuwa shi ne watan Ramadan. Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame ya sha ya rama, amma wani bincike da aka yi a ƙasashe 13 a 2001 ya nuna kashi 79 cikin 100 na masu nau'i na biyu na cutar, da kashi 43 na masu nau'i na farko, wato wanda jiki yake daina yin insulin, sun azumci aƙalla rabin watan. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a kan mas'alar a Sharja a 2009, ta karkasa majinyata bisa ga girman haɗarinsu, ta ce wanda azumi zai cutar da shi wajibi ne ya sha. Malamai sun bayyana cewa tsira yatsa don awo ba ya karya azumi, likitoci kuma suka sa iyaka: in sukari ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, mai azumi ya buɗe bakinsa nan take, ko da saura kaɗan a kira magariba. Fatawar malami da shawarar likita duka biyun sun rataya ne ga lambar da majinyaci zai karanta shi kaɗai a ɗakinsa, saboda haka mawadatan da ke raba hatsi da sukari gabanin azumi ya kamata su sa tsinken awo cikin sadakarsu ga maƙwabtan da suka san suna da wannan larura.