Tarihin Agadas ya shiga salula, mu fa ina muke?

Yau maganar tarihi muka kawo, amma ta ƙofar salula za mu shigo.

Kwanan baya muna haɗa shiri kan sarautar Abzin, sai muka rubuta “Chroniques d'Agadès” a intanet. Minti guda bai cika ba ga shi ya fito: kundin tarihin sarakunanmu, wanda wani hafsan sojan Faransa, Yves Urvoy, ya fassara daga Larabci ya buga a 1934. Kyauta yake a shafin Persée. Wallahi jikinmu ya yi sanyi. Tun daga CI har terminal mun haddace 1789 da 1914, amma ba mushe ɗaya da ya taɓa ajiye mana wannan takarda bisa tebur. Ba laifinsu ba ne, su ma ba su da ita. A lokacin sai mutum ya je Yamai ko Paris.

Haka littafin Heinrich Barth, Bajamushen da ya sauka garin nan a watan Oktoban 1850, wanda har yau ake nuna gidan da ya zauna. Shi ma yana intanet. Haka raƙuman dawan Dabous, da aka sassaƙa jikin dutse kan hanyar Arlit, babban ya fi mita 5. Ƙungiyar TARA ta ɗauki hotunansu, kuma daga 2013 gidan tarihi na British Museum a Landan ya shiga tsara hotuna kusan 25,000 na zanen duwatsun Afirka don sa su a intanet. Wato ɗalibi a Ingila ya fi ɗan Sabon Gari sauƙin ganin Dabous. Abin a yi murna ne ko a ji kunya? Duka biyun.

Amma ku lura: duk waɗannan abin da baƙi suka gani ne, suka rubuta, suka ɗauka. Namu na gida yana ina?

Garin nan ya taɓa yin asara babba. Daga Disamban 1916 zuwa Maris 1917 mayaƙan Kawsan, da goyon bayan Sarki Tagama, suka kewaye barikin Faransa. Da sojojin agaji suka iso, fushinsu kan talakawa ya sauka. An kashe malamai da dama, gari ya watse, littattafai suka salwanta. Abin da ya tsira yana cikin gafaka da akwatin ƙarfe a gidajen laka, gara na ci, zafi na busarwa. Mun ga abin da damanar 2024 ta yi wa gidaje a tsohon gari, mun kuma ji faɗuwar tsohon masallacin Birni a Damagaram cikin watan Satumban 2024. UNESCO ta sa tsohon garinmu da hasumiyarsa mai mita 27 cikin kayan tarihin duniya a 2013, amma takardar UNESCO ba ta hana rufi yoyo. A shekarar ce kuma aka ƙona dubban littattafai a Tumbutu. Mutanen can sun gudu da sauran zuwa Bamako, daga baya aka shiga ɗaukar hotonsu shafi-shafi. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To ina aikin kwamfuta, ko ordinatar kamar yadda muka saba cewa? Ɗaukar hoto matakin farko ne kawai. Ga misali biyu da mushen tarihi da na lissafi za su iya yi tare a aji guda.

Na farko, shekaru. Malamanmu da hijira suke ƙirga. Ka ninka shekarar hijira da 0.97 ka ƙara 622, za ka samu ta miladiyya, kusa-kusa. Gwada 807, shekarar da ake ba wa hawan Sarki Yunus na farko: 1404 zuwa 1405. Gwada 1335: ka faɗo daidai yaƙin Kawsan. Layi uku na yaren Python sun isa ɗalibi ya juya jerin sarakuna gaba ɗaya, ya ga wanda ya daɗe bisa mulki da lokutan da aka yi ta tuɓe sarki ana naɗa wani. Daga nan tambaya za ta fito da kanta: me ya faru a waɗannan shekaru? Wannan tambayar ita ce tarihi.

Na biyu, sunaye. Mutum ɗaya ne, amma za ka tarar an rubuta Kaocen, Kaossen, Kawsen. Gari ɗaya ne, amma ga Agadez, Agadès, Agades. In ka nemi guda, sauran sun ɓuya. Ƙaramin tsari da ɗalibi ya rubuta zai tattaro su duka daga littattafai masu ɗaruruwan shafuka kafin shayi ya tafasa.

Kada dai mu ruɗi kanmu. Akwai manhajoji irin eScriptorium da ke koyon karanta rubutun hannu, amma sai mutum ya fara kwafe musu shafuka da yawa daidai. Wa zai karanta hannun malaman Abzin, da ajaminsu, da ƴan bayanan da suke yi a gefen shafi? Malamin zaure, wanda mu ƴan lakwal muke wucewa kullum ba mu tambaye shi komai ba. In ba shi, na'ura makauniya ce. Kuma ba ta san wanda ya yi ƙarya ba: rahoton kwamanda ko ya shiga intanet, rahoton kwamanda ne.

Mun san dalilin da ya sa wasu gidaje ba su son buɗe akwati: ana tsoron aron da ba ya dawowa. Gaskiyarsu. Shi ya sa muke cewa littafi ya zauna gidansa. Jikan gidan ya ɗauki hoto da salula, a inuwa da rana, ba filasha, shafi bi da bi, ya rubuta sunan littafin da na mai shi. Kwafi ɗaya a gida, ɗaya wurin ɗan uwa a wani gari. In iyali sun yarda, na uku ya je inda ake adanawa, kamar sashen littattafan Larabci da ajami na IRSH a Yamai, wanda Boubou Hama ya aza harsashinsa, mai ɗauke da littattafai kusan 4,000. Muna da jami'a a garin nan tun 2014. Ɗalibanta ai ƴaƴan gidajen nan ne.

Tsofaffi ma haka. Waɗanda suka ji labarin 1917 daga bakin iyayensu saura kaɗan. Salular da muke kallon kokowa da ita tana ɗaukar murya.

Saboda haka ga aikin gida: wannan mako ka zauna da tsohon gidanku, ka tambaye shi me ke cikin akwatin nan. In ya ce ba yanzu ba, ka kai masa shayi, ka koma gobe. Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu ikon riƙe amanarsu. Sai mun ji daga gare ku.