Yadda Kifi Ya Koyi Tsoron Mashi

Masuntan da ke nutso da mashi a tsibiran Tekun Fasifik sun san kifi iri biyu. Akwai wanda zai tsaya yana kallon mutum har ya matso kusa da shi, akwai kuma wanda tun daga nesa zai shige cikin duwatsun murjani. Sau da yawa jinsinsu ɗaya ne, girmansu ma ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne abin da kowannensu ya gani a rayuwarsa. Wannan tsoro yana da tarihi, kuma ana iya bin sawunsa har shekara 140 baya.

Duwatsun murjani wasu ƙananan halittu ne ke gina su a ruwan teku mai ɗumi mara zurfi. Cike suke da ramuka da lunguna, kuma a nan kifaye ke kiwo da kwana. Taru yakan maƙale a jikinsu ya yage, shi ya sa mashi ya samu daraja a irin wannan wuri. Amma a da daga sama ake sukan kifi: mutum na tsaye a kan dutse ko cikin kwalekwale, da dare kuma yana haskawa da wutar busasshen ganyen kwakwa. Dole ya saita mashinsa ƙasa da inda yake ganin kifin, domin haske yana karkacewa idan ya fito daga ruwa. In kuwa ya nutsa, idonsa dishi-dishi yake gani, don an halicci idon ɗan Adam ne ya yi aiki a cikin iska. Wannan raunin na ido ya daɗe yana kare kifi.

A 1884 wani mutumin Itoman, garin masunta a tsibirin Okinawa na Japan, mai suna Tamagusuku Yasutaro, ya sassaƙa tabarau na itace, ya liƙa masa gilashi, yadda iska za ta tsaya tsakanin ido da ruwa. Suna kiran sa mikagan. Da shi mai nutso ya fara ganin ƙasan teku tangaran, kuma masuntan Itoman, waɗanda ke tafiya su har ƙasashe masu nisa, suka yi ta yawo da shi.

A Turai kuwa wasa ne ya kawo abin. Wani marubuci Ba'amurke, Guy Gilpatric, da ke zaune a gaɓar Bahar Rum a kudancin Faransa, ya toshe kafofin tabaraun matuƙan jirgin sama, ya riƙa nutso yana sukan kifi. Littafin da ya fitar a 1938 ya ja samari da yawa cikin harkar. Kafin nan, a 1933, Louis de Corlieu ya yi rajistar takalmin iyo mai kama da ƙafar agwagwa. A 1943 Jacques Cousteau, wanda shi ma da farautar kifi ya fara, da injiniya Emile Gagnan suka haɗa na'urar shaƙar iska daga tukunyar da ake goyawa a baya. Cikin shekara goma ke nan mai nutso ya samu sauri, ya kuma samu dogon numfashi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu waɗannan dabaru suka bazu a tsibiran Fasifik, inda kifi abinci ne na yau da gobe. Ba sai an sayi kaya masu tsada ba: sandar ƙarfe da aka wasa bakinta, da robar tsohuwar tiyub ta mota, sun isa a haɗa abin harbi. Da farko kamu ya yi albarka, domin kifin bai taɓa ganin mutum a matsayin abin gudu a cikin ruwa ba. Daga baya sai ya gane. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kifin da aka harba aka kuskure, ko aka soki na kusa da shi, ba ya sake bari a matso. Robar nan kuwa ba ta kai mashi nesa, 'yan mitoci ne kawai. Da zarar kifi ya fara gudu tun kafin a shiga wannan tazara, masunci ya tashi a banza ko da kifin na nan jingim.

Mutanen tsibiran sun samo amsa daga tsohuwar al'adarsu ta rufe ruwa. A Palau ana ce mata bul, a Fiji tabu, a Papua New Guinea tambu. Shugabanni kan hana su a wani yanki na wani lokaci, kamar yadda ake ajiye Matan Fada a Argungu sai ranar biki. A Hawaii dokar kapu ta raba shekara tsakanin kifaye biyu, aku da opelu, ana kama ɗaya ana barin ɗaya, har aka rushe tsarin kapu a 1819. Masanin halittun ruwa Robert Johannes, wanda ya zauna da masuntan Palau yana koyo a wurinsu, ya rubuta a 1978 cewa waɗannan al'adu suna mutuwa saboda kasuwa da raunin sarautun gargajiya. A 2002 shi da kansa ya rubuta cewa sun farfaɗo, musamman a Vanuatu da Samoa da Fiji.

Ƙauyen Muluk da ke tsibirin Karkar a Papua New Guinea ya nuna abin a fili. Masu bincike sun tarar cewa shugabannin ƙauyen kan rufe wani ɓangare na murjaninsu idan suka ga kifi ya yi wayo, da nufin ya manta da mutum. Da aka auna tazarar da kifi ke bari a matso kafin ya gudu, sai aka ga a wurin da aka rufe ta ragu, har mashi na iya kai masa. An kuma ga akasin haka a Vanuatu da Fiji: in aka buɗe ruwa, cikin 'yan kwanaki tsoron ya dawo. A nan akwai abin lura. Kamu mai yawa ranar buɗewa ba lallai ne ya nuna kifi ya ƙaru ba. Wataƙila sakin jiki kawai ya yi. Ƙauyen da ya ɗauki sakin jiki a matsayin yawa zai iya kwashe abin da ya tara a shekara cikin mako guda.

Tocilar da ke aiki a cikin ruwa, wadda ta yaɗu tun wajen shekarun 1970, ita ce ta fi yin ɓarna, domin ta kauce wa tsoron gaba ɗaya. Kifin da ke barci ba ya gudu, ba ya kuma koyon komai. Wanda abin ya fi shafa shi ne babban kifin nan mai baki irin na aku da ƙulu a goshi, wanda mutanen Roviana a Tsibiran Solomon ke kira topa. Yakan wuce mita ɗaya, yakan yi shekara kusan 40 a duniya, kuma garke-garke yake kwana a wuraren da masunta suka sani. Da rana yana gatsar murjani ya niƙa shi ya fitar da rairayi, aikin da ke gyara wurin zaman sauran kifaye. Mutum biyu da tocila suna iya rage garke sosai a dare ɗaya, kuma kifin da ke jinkirin girma ba ya saurin mayar da gurbi. A wurare da dama ya yi ƙaranci, har aka sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana. A 2001 hukumomin Samoa ta Amurka suka hana kamun kifi da tukunyar iska bayan sun ga yadda kifaye masu bakin aku ke raguwa.

Masuncin da ke korafin kifi ya yi wayo yana da gaskiya, don abincin gidansa ne ke gudu. Sai dai wayon nan shi ne ya bar masa abin da zai kama baɗi. Shi ya sa a tsibirai da yawa dokokin yau ba su hana mashi ba. Abin da suke taƙaitawa shi ne tocilar dare, da tukunyar iska, da yawan kwanakin da ruwa zai zauna a buɗe.